Shofon jirgi yana ɗumi da gurup, amma da inji ko kaɗan: in sayi sabo ko akwai gyara?

Baban Hadiza, Gamkalle
Assalamu alaikum ƴan uwa. Shawara nake nema wajen masana inji. Jirgina na kogi ne, na ƙarfe, mai ɗaukar baƙi daga Yamai zuwa wajen Bubon. Injinsa da tukunyar ruwan zafinsa, wato shofo, daga wani tsohon jirgin ruwa mai tafiya da iska aka ciro su a Lome. Injin Yanmar 3GM30F ne. Shofon lita 25 ne, hanyar ɗuminsa biyu: rezistans, wato ƙarfen ɗumama ruwa, na wuta mai volt 220, da murɗaɗɗen bututu a ciki wanda ruwan inji ke bi. In an tada gurup, wato janareta, cikin awa guda ruwa ya yi zafi. In da inji ne, ko awa biyu aka yi ana tafiya, ruwa kamar na randa yake fitowa. Allurar zafin inji tana tsayawa tsakanin digiri 75 da 80. An ɗaura shofon ƙarƙashin benci, yana sama da inji da kamar kamu ɗaya. Mai gyara ya ce bututun ciki ya mutu, sai dai sabo. Ga hunturu ya ƙarato, baƙi kuma ba sa yarda da ruwan sanyi da asuba. In saya, ko akwai abin da zan fara dubawa?

Ɗan Wadata
Wa alaikumus salam Alhaji. Rezistans ne ya ƙone, shi ne ciwon shofo kullum, musamman in an taɓa ba shi wuta babu ruwa a ciki. Cire wuta, cire wayoyi biyun, sa mita. Mai wat 750 zai nuna om 64 ko kusa, mai wat 1200 wajen om 40. In mita ba ta motsa ba, ya tafi.

Baban Hadiza, Gamkalle
Ƙanena, ai na ce da gurup yana zafi. Rezistans lafiya lau yake.

Malam Na-Gaya
Alhaji kada ka fitar da ko dala tukuna. Hannunka ya isa ya gaya maka rabin labari. Tada inji, sa giya, ku yi tafiya ta minti 30 da nauyi, domin dizal in yana tsaye yana gunaguni ba ya kawo zafin kirki. Sannan ka taɓa tiyo biyun da ke tsakanin inji da shofo, kowanne a wuri biyu: bakin inji da bakin shofo. Ka yi hankali da bel da farfela.

In duka biyun sanyi ne, ruwa ba ya zagayawa ke nan: ko bawul a rufe, ko iska ta tsaya a hanya, ko ruwan injin ya yi ƙasa. In ɗaya ya yi zafi har bakin shofo, ɗayan kuma ya ƙi ɗumi ko bayan awa guda, ruwan yana tafiya amma da ƙyar, ka nemi wurin da tiyo ya lanƙwashe ko ya toshe. A farkon tashi ba laifi ba ne na dawowa ya fi sanyi, ai zafinsa ya bari a cikin tukunya. In kuwa duka biyun zafi ne har ba ka iya riƙewa amma famfo na ba da sanyi, to laifin ba na ɓangaren inji ba ne, ka koma kan bawul mai gauraya zafi da sanyi da ke bakin shofo.

Ka zo mana da abin da hannu ya ji.

Usta Mai Kilas
Kalorista ce, wato bawul ɗin da ke tsare ruwan inji har sai ya yi zafi. Na rantse ba sai na ga injin ba. Duk injin da ya ratsa hannun masu gyaranmu sau biyu, in ka buɗe gidan kalorista wayam za ka tarar. Wai ta ƙasar sanyi ce, mu nan zafi gare mu. Wa ya koya musu wannan karatu?

Bara aka kawo wani injin jirgi mai silinda uku garajinmu, na wasu bayin Allah da suka haɗa kuɗi suka saya. Tun farko zafi yake yi. Wanda ya fara taɓa shi, maimakon ya nemi dalili, sai ya zare kalorista ya yar, da ƙararrawa ta ci gaba da kuka kuma ya yanke mata waya. An bar jaki ana dukan taiki. Da muka buɗe mai sanyaya ruwa, wato ƙunshin ƙananan bututun nan da ruwan kogi ke bi, fiye da rabinsu laka ta toshe, jar lakar nan ta watan Agusta, ga gutsattsarin fukafukan farfelar roba ta famfon ruwan kogi guda uku sun tokare baki. Aikin yini ɗaya da siririn ƙarfe da buroshi. Amma kafin ya iso mana juwan kilas, wato shimfiɗar da ke ƙarƙashin kan inji, ya ƙone, kilas ɗin, wato kan injin, shi ma ya karkace, mai ya koma kamar kunu. Wata biyar jirgin yana ɗaure a bakin ruwa, dukan lokacin cikar kogi ya wuce su, mutum shida masu iyali. Wanda ya yi ɓarnar yana nan yana karɓar aiki, ko kunya babu. Abin nan har yau yana ci mini rai.

Alhaji, kwance ƙusoshin gidan kalorista ka duba. In tana nan, rataye ta da zare cikin tukunyar ruwa bisa wuta, kada ta taɓa gindin tukunya, ka sa ma'aunin zafi. Ta wannan injin tana fara buɗewa wajen 71, ta gama wajen 85. In ka same ta a buɗe tun tana sanyi, ta mutu.

Malam Na-Gaya
Usta, maganarka gaskiya ce kuma Allah ya mayar musu da alheri. Amma Alhaji ya ce allura tana kai 75 zuwa 80. Injin da babu kalorista, yana shan ruwan kogi a watan Nuwamba, ba zai hau can ba.

Usta Mai Kilas
Allura ƙarya take yi in na'urar da ke jikin inji ba tata ba ce. Injin da aka ciro daga wani jirgi, wa ya san allon da aka haɗa masa?

Ɗan Adar, Tawa
Ni abin da nike so a tabbatar, harafin F ɗin nan yana jikin farantin injin kuwa? 3GM30 marar F ruwan waje yake sha kai tsaye, kaloristarsa tun wajen 42 take buɗewa, don kada gishirin teku ya daskare cikin inji. Irin wanga ko kwana ka yi kana tafiya ba ka samun ruwan wanka. Mai F shi ke da ruwa biyu, na ciki mai murfi kamar na mota, da na kogi mai sanyaya shi.

Bagobirin Katako
Jama'a ku zo ku gani, mutumin Tawa yana koyar da aikin jirgi. A wane kogi, na rairayi? Shi kuma Alhaji, in Bazabarme ne ka faɗa mana tun yanzu, mu san dalilin da mai kogi a ƙofar gida yake tsoron ruwan sanyi.

Ɗan Adar, Tawa
Tafkin Tabalak yana gaishe ka. Injin dizal kuma ko a tudu sunansa dizal.

Baban Hadiza, Gamkalle
Bagobiri, zan aiko maka da bokiti guda in ya gyaru, na san rabonka da wanka tun sallar layya. Ɗan Adar, F yana nan, murfin ruwa ma yana nan, an rubuta 0.9 a kansa, wato ƙarfin matsin da yake ɗauka.

Hajiyar Kaya, Harobanda
Tunda batun saye ne, ga abin da na sani. Sabon shofon jirgi mai lita 25, in an yi oda ta Lome, kada ka sa ran ƙasa da jika 450 kafin ya shigo hannunka, kuma sai ka jira mako shida ko fiye.

Ɗan Wadata
Haba Hajiya. Jika 80 ake sayar da mai lita 30 a gari, sabo cikin kwali.

Hajiyar Kaya, Harobanda
Ɗana, wancan na gida ne, baki biyu gare shi, shiga da fita. Na jirgi baki huɗu ne, biyu na ruwan wanka, biyu na ruwan inji. Ka ƙirga kafin ka yi ciniki.

Bagobirin Katako
Na hannu ya taɓa shigowa Katako, jika 150 aka sallama. Jika 450 kam ta yi yawa.

Usta Mai Kilas
Na hannu da ba ka gwada ba, matsalar wani ka saya da kuɗinka. Kalorista ta asali jika 25 ce, ku fara da ita.

Ɗan Wadata
Jika 6 na gani.

Usta Mai Kilas
Ta mota ka gani, mai buɗewa a 82 ko 88, kuma ba lallai ta zauna a gidan ba. Mai jan waya ya tsaya ga wayarsa.

Mai Famfo na Yantala
Usta, kowa da ɓangarensa, shofo kuma rabinsa aikin famfo ne. Alhaji, mai gyaranka ya ce bututun ciki ya mutu. Hanya biyu kawai yake mutuwa: ya huje ko ya toshe, kuma duka biyun ana ganewa kyauta.

Inji yana sanyi, rufe bawul, cire tiyo biyun daga jikin shofo, tara bokiti. Kunna famfon ruwan wanka har tukunya ta cika ta yi ƙarfi, ka zuba ido ga bakunan nan biyu minti 15. In ruwa yana ɗiga daga ciki, ya huje, sai sabo, kuma kada kowa ya ƙara kurkure baki da ruwan, domin ruwan sanyaya inji guba ne. Wata alamar huji: ruwan inji yana ƙaruwa da kansa har ya yi ambaliya ta murfi, saboda famfon wanka ya fi 0.9 ƙarfi nesa. In babu ɗiga, sa tiyon ruwa a bakin fita ka tura ta baya. In ya fito da ƙarfi ta ɗaya bakin, bututu lafiya yake. In tsatsa da dauɗa ke fitowa da ƙyar, cika shi da ruwan binega ya kwana, ka wanke da safe.

Ka kuma duba abin wanka. Irin mai makunni a hannu, in an bar famfon zafi da na sanyi duka a buɗe aka rufe ta hannu, ruwan sanyi yana ratsawa cikin layin zafi.

Baban Hadiza, Gamkalle
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Yau mun fita daga gadar Kennedy muka hau sama minti 40. Tiyo ɗaya ya yi zafi kamar taki biyu daga inji, daga nan sai sanyi. Ɗayan sanyi gaba ɗaya. Bawul biyun a buɗe suke. Na yi gwajin Mai Famfo, babu ɗiga, ruwa kuma ya ratsa sarai.

Malam Na-Gaya
To Alhamdu lillahi, ajiye kuɗinka. Iska ce. Tun da ka ce shofo ya fi inji tsawo na zarge ta. Famfon ruwan ciki na ɗan injin nan zagayawa kawai yake yi, ba shi da ƙarfin ture iskar da ta taru a ƙololuwa. A jirginsa na asali mai yiwuwa shofon yana ƙasa da murfi ne.

Ga yadda za ka fitar da ita. Inji ya huce sarai, kada ka kuskura ka buɗe murfi da zafi. Bar murfin a rufe. Cire tiyon dawowa daga jikin inji, toshe bakin da ka cire shi. Cire na zuwa shi ma ka toshe nasa bakin, ka ɗaga tiyon sama da shofo, sa mazurari, ka riƙa zuba ruwan sanyaya inji a hankali har ya fito ta tiyon dawowa babu kumfa babu tari. Toshe da babban yatsa, mayar da sauri, ɗaure koliye, wato zoben matse tiyo, sannan na zuwan. Cika ta murfi, tada inji, ya yi zafi, kashe, ya huce, ƙara cikawa. Wani lokaci sai an yi sau biyu. Tanadi lita 3, irin wanda ke cikin injin, kada ka gauraya iri biyu.

Amma wannan magani ne na ɗan lokaci. Iska za ta koma can duk ran da ruwa ya ragu. Ko ka sauke shofon ƙasa da murfin inji, ko ka sa ƙaramin tankin ƙarfe mai murfi a kan layin, sama da shofo, ya zama shi ne wuri mafi tsawo. Murfin 0.9 ya koma kan tankin, na inji kuma a sa wanda ya fi shi ƙarfi, cikawa daga sama. In ya fara aiki ka kula, ruwan zai kai kusan zafin inji, yana saɓule fatar yaro. In babu bawul mai gaurayawa, sa shi, ka daidaita wajen 50.

Ɗan Adar, Tawa
Kafin a ɗora wa iska laifi duka, a duba inda aka soka tiyo biyun. Dole ɗaya ya fito daga inda famfo ke turawa, kafin kalorista, ɗayan ya koma inda famfo ke tsotsa. In duka gefe ɗaya aka sa su, alamar iri ɗaya ce da wagga: taki biyu na zafi, sauran sanyi. Alhaji, tunda aka ɗaura shi ya taɓa ɗumi da inji ko sau ɗaya?

Usta Mai Kilas
Kuma lita 3 ɗin nan a ina zai samo na gaskiya? Abin da ke cika kasuwa yanzu ruwa ne da kala cikin jarka mai kyau. Zuba kaɗan a faranti ka bar shi a rana, na jabu ƙafewa yake yi ya bar garin launi, na ƙwarai yana barin danshi mai santsi. Na jabun ne ke cinye bututun da muke magana a kai.

Hajiyar Kaya, Harobanda
Usta, ba dukanmu ba. Kuma ku masu gyara ku ne ke cewa a kawo mai araha. In na ajiye na jika 4 lita da na jika ɗaya, wanne yaranka ke ɗauka?

Usta Mai Kilas
Yarana ba sa saye sai da ni, Hajiya. Farfelar roba ma haka, wadda ya kamata ta yi shekara, wata biyu fukafukai sun zube.

Mai Famfo na Yantala
Yashin kogi ma yana da nasa laifin. Jirgi nawa ke da matata a bakin shan ruwa?

Baban Hadiza, Gamkalle
Ɗan Adar, gaskiya ban taɓa jin ya yi ɗumi da inji ba, da gurup muke ta amfani tun bara. Malam Na-Gaya, in fara fitar da iskar ne ko in fara ɗauko hoton inda tiyo suka shiga?

Bagobirin Katako
Hajiya, ta jika 4 ɗin wace marka ce, kuma akwai jarkar lita 5?