Yawan gidajen abinci a Kano: arziki ne ya zo, ko babu ce ta sa kowa ya ɗora tukunya?

Ɗan Kwari: Jama'a, ku daina cewa Kano ta mutu. Ku bi ta Zoo Road bayan isha'i, ku ƙirga gidajen abinci da wuraren shawarma da aka buɗe 'yan shekarun nan. Kowanne da yaransa, wani biyar, wani goma. Ba mai ɗaukar yaro aiki in ba ciniki. Ni wannan ne ma'aunina na arzikin gari, ba lissafin 'yan Abuja ba.

Malamin Tsimi: Alhaji, maganarka tana da tushe. A Amurka duk wata ana fitar da adadin masu aiki a gidajen abinci da mashaya, kuma masana suna sa masa ido, don in aljihu ya yi sanyi cin abinci a waje ake fara yankewa. Amma can aikin a rubuce yake, albashin ma haka. Nan wa ya rubuta mai wanke-wanke? Ka tuna hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a ƙarshen 2020 rashin aikin yi ya kai kashi 33.3. A 2023 ta sauya ma'auni, duk wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako ya zama ma'aikaci, sai lissafin ya faɗo zuwa kashi 4.1. Ba wanda ya ƙoshi saboda wannan.

Hajiya Mai Tuwo: Ku bari mai ɗaki ta faɗi inda yake mata yoyo. Kafin a cire tallafin mai a watan Mayun 2023 yara huɗu ke min aiki, yau shida ne. In Alhaji ya leƙo sai ya ce na bunƙasa. To biyun 'ya'yan ƙanwata ne, mijinta ya rasa aikinsa a wani kamfani a Sharaɗa, na ɗauko su don su samu na baka. Kuma a layinmu da ni kaɗai ce, yanzu mu biyar muke rabon masu saye ɗaya. Wanda da yake cewa a sa masa nama biyu, yau sai ya rage murya ya ce, Hajiya a zuba romo kawai.

Ɗan Kwari: Allah ya kawo sauƙi, Hajiya. Amma wuraren da nake faɗa cike suke, har wurin ajiye mota babu.

Ɗan Kurna: Baba Alhaji, fuskokin nan ɗaya ne, yau suna nan gobe suna can. Ka zo Kurna ko Rijiyar Lemo ka zauna a teburin mai shayi. Mai cin Indomie da ƙwai ya koma biredi da ruwan bunu, wani ma rabin biredi.

Mazaunin Sabon Gari: Zancen mashaya kuma ku cire shi a lissafin Kano. Tun shigowar Shari'a a 2000 harkar ta taƙaita kusan a unguwarmu, Hisbah kuma tana kama motocin da suka ɗauko giya. In mashaya ta sallami ma'aikata, ba ka sanin kasuwa ce ta faɗi ko kame aka yi.

Malamin Tsimi: To kun gani. Ni da za a tambaye ni, albashin yaran za a duba, ba yawansu ba. Mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a 2024, amma dokar ba ta hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba, wato kusan duk masu abincin garin nan. Ranar da Hajiya ta fara neman yaro ta rasa, don masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai sun kwashe su, ranar zan yarda da Alhaji.

Ɗan Kwari: Malam, ban sauka daga kan bakata gaba ɗaya ba. Garin da ya mutu ko tukunyar ma ba a ɗorawa. Hajiya, gobe ina tafe, a sa min nama biyu.

Hajiya Mai Tuwo: Sai ka zo, Alhaji. Amma kuɗi hannu, littafin bashi ya cika tun watan jiya.