Shin 'yan ƙungiyar 'yan'uwantaka a jami'a sun fi sauran ɗalibai jin daɗin rayuwa?

Dillalin Albasa, Mile 12:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka yi karatun jami'a, musamman a nan Kudu, domin ni iyakata sakandare, daga nan kasuwa ta ɗauke ni. Akwai ɗan yayana marigayi wanda na riƙe tun yana firamare, yanzu yana aji biyu a wata jami'a a nan Legas. Ranar Asabar ya zo gida, bayan mun idar da sallar isha'i ya zauna a bakin tabarma yana ta jujjuya wayarsa, can sai ya ce wasu abokansa sun gayyace shi shiga wata ƙungiya ta 'yan'uwantaka. Ya ce suna tallafa wa juna da kuɗin haya da na abinci, manyansu da suka gama suna samo wa ƙananan aiki bayan bautar ƙasa, kuma babu wanda ya isa ya taɓa ɗan ƙungiyar a cikin makaranta ko a wajenta. Har ya karanto mini wani rubutu a wayar ya fassara, wai an yi bincike a Amurka an gano cewa 'yan irin waɗannan ƙungiyoyi sun fi sauran ɗalibai kwanciyar hankali da samun abin yi.

Na tambaye shi sunan ƙungiyar, ya ce sai ranar da za a karɓe shi za a faɗa masa. Na tambaye shi inda suke taro, ya ce da dare ne kuma wurin yana canzawa. Wannan ya tsaya mini a rai. Amma kuma ba zan ɓoye ba, yaron yana cikin kaɗaici, su biyu ne Hausawa a ajinsu, kuma sau biyu ana ƙwace masa waya a tashar mota a cikin shekara guda. Shin da gaske ne zama ɗan irin wannan ƙungiya yana gyara rayuwar matashi, ko kuwa zuma ce aka shafa a baki?

Malamin Lissafi, Yaba:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya jiƙan yayanka, ya saka maka da alheri bisa riƙon maraya. Binciken da yaron ya nuna maka ba ƙarya ba ne, kuma yana da kyau a faɗi haka tun farko, domin idan ka ƙaryata abin da yake gani da idonsa ba zai ƙara sauraronka ba. A 2014 cibiyar binciken ra'ayin jama'a ta Gallup tare da jami'ar Purdue sun yi wa mutane sama da 30,000 da suka gama jami'a a Amurka tambayoyi, kuma waɗanda suka kasance a ƙungiyoyin 'yan'uwantaka sun fi nuna gamsuwa da aikinsu, da zumuncinsu, da halin aljihunsu, da zamansu cikin jama'a. Sai dai akwai abubuwan da rubutun wayar ba zai gaya masa ba. Uwayen ƙungiyoyin da kansu suna da hannu wajen fitar da wannan ɓangare na rahoton, sannan shiga irinsu a can yana cin kuɗi duk zangon karatu, saboda haka da yawan masu shiga tun asali 'ya'yan masu hali ne da suka zo da sanayya daga gida. Wanda aka haifa a inuwa, idan ka same shi a inuwa bayan shekara ashirin, ba lallai ne ƙungiya ce ta dasa masa bishiyar ba.

Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne, ƙungiyoyin can a fili suke. Suna da gida mai suna a jikin bango, hukumar jami'a ta san shugabanninsu, iyaye suna zuwa bukukuwansu, kuma wanda ya gaji yana iya ajiye katinsa ya tafi ba tare da fargabar komai ba. Tarihinsu ma dogo ne: Phi Beta Kappa tun 1776 aka kafa ta, Alpha Phi Alpha ta baƙaƙen fata kuma a 1906 a jami'ar Cornell, ƙungiyar da Martin Luther King ya kasance ɗanta. Nnamdi Azikiwe da Kwame Nkrumah duk sun shiga Phi Beta Sigma lokacin da suke karatu a Amurka. Duk da haka su ma ba su tsira ba, domin shaye-shaye da azabtar da sababbin shiga sun sha jawo mutuwar ɗalibai, har ta kai a ƙarshen 2024 gwamnatin tarayyar Amurka ta yi dokar da ta tilasta wa jami'o'i bayyana irin wannan cin zarafi. To, idan mai suna a jikin bango ma tana da wannan ɓarna, ina ga wadda ba a faɗin sunanta sai an rufe wa mutum ido?

Lauya Ɗan Zazzau, Ikeja:

Malam ya yi bayanin can, bari in ɗora da na nan. Ƙungiyar farko irin wannan a Najeriya ita ce Pyrates, wadda Wole Soyinka da abokansa shida suka kafa a 1952 a kwalejin jami'a ta Ibadan, kuma manufarsu a lokacin ita ce yaƙi da ƙabilanci da girman kan 'yan boko masu kwaikwayon Turawa. Daga baya aka yi ta rarrabuwa da kafa sababbi: Eiye a Ibadan, Buccaneers da suka ɓalle a 1972, Neo Black Movement a jami'ar Benin a 1977, wadda sunan Black Axe ya biyo bayanta. Su Pyrates da kansu sun janye daga makarantu a 1984 ganin yadda al'amarin ya lalace. Duk wanda ya yi wayo a lokacin yana tuna daren 10 ga Yuli, 1999, da 'yan ƙungiyar asiri suka afka wa ɗakin kwanan ɗalibai a jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife suka kashe ɗalibai biyar, ciki har da sakataren ƙungiyar ɗalibai. Tun tuni kuma abin ya fita daga makarantu ya shiga unguwanni, kai da kake Mile 12 ba sai an ba ka labarin Ikorodu ko Mushin ko Fadeyi ba.

Ta fuskar doka, Alhaji, maganar a bayyane take. Sashe na 38 na kundin tsarin mulkin 1999, wanda ya ba kowa 'yancin addini da tunani, ya fito fili ya ce wannan 'yanci bai haɗa da kafa ƙungiyar asiri ko shigarta ba. A nan Legas, a watan Maris na 2021 Gwamna Babajide Sanwo-Olu ya sa hannu a dokar da ta tanadi ɗaurin shekara 21 ga wanda aka samu da zama ɗan ƙungiyar asiri, da shekara 15 ga wanda ya taimaka musu ko ya ba su wurin taro. Ka lura cewa ba sai yaro ya sari wani ko ya harbi wani ba, zamansa ɗan ƙungiyar kaɗai laifi ne. Na sha tsayawa gaban alƙali a kan yaran da iyakar abin da aka samu a wurinsu shi ne zane a fatar kafaɗa da wasu saƙonni a waya, kuma a duk waɗannan shari'o'i ban taɓa ganin manyan da aka ce suna samo aiki sun zo sun tsaya belin kowa ba. Kullum uwa ce a bakin kotu da kwanon abinci a leda.

Maman Hanifa, Agege:

Sannunku da ƙoƙari. Ni ban san tarihi ba, amma tun da tambayar a kan jin daɗin rayuwa ce, zan faɗi abin da na gani a gidan da muke haya. Ɗan maƙwabciyata ya shiga irin wannan ƙungiya yana shekarar farko, kuma gaskiya watannin farko sai ka ce an yi masa albishir da kujerar Makka. Ya yi ƙiba, ya canza takalmi, 'yan tasha da a da suke tare shi suka koma gaishe shi, uwarsa har tana cewa Allah ya haɗa ɗanta da abokan arziki.

Kafin shekara ta zagayo sai abin ya juye. Ya daina kwana a ɗaki ɗaya dare biyu a jere. Idan ya zo gida, da takalminsa a ƙafa yake barci, kuma ya ja katifarsa daga saitin taga ya mayar da ita bayan ƙofa. Wata rana ƙanwarsa ta yar da murfin tukunya a tsakar gida, wallahi kafin murfin ya gama kaɗawa yaron ya haura katanga. Akwai layukan da ba ya bi a cikin unguwar da aka haife shi, saboda na wata ƙungiya ne, akwai kalar rigar da ba ya sa wa, kuma duk ƙarshen wata sai ya kawo kuɗin ƙungiya, wanda daga ƙarshe keken ɗinkin uwarsa aka sayar aka biya. Da barci ya gagare shi sai ya koma wa ƙwaya. Karatun da aka ce za a taimaka masa a kai kuwa, bai gama ba, domin ranar jarrabawa ita ce ranar da abokan gaba suka san tabbas inda za su same shi.

Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne ranar da ya zauna a kan bencin ƙofar gida ya ce mini, Mama, ni fa ina son in bari, amma an ce wanda ya sha rantsuwa ba ya fita. Yanzu dai an tura shi wurin kawunsa a wani gari mai nisa, ko bikin yayarsa bai zo ba.

Sabon Injiniya, Idi-Araba:

Baba, ina gaisuwa, kuma ina neman afuwar manya domin zan ɗan saɓa. Duk abin da aka faɗa gaskiya ne, amma idan tsoratarwa kaɗai za a kai wa yaron, to an bar ainihin ciwon. Ni bara na gama, kuma na san abin da ake ji idan mutum ya shiga aji mai ɗaruruwan ɗalibai babu mai jin harshensa, ana kiransa Aboki ana dariya, kuɗin abincinsa ya ƙare tun tsakiyar wata. Masu farautar sababbin shiga sun san wannan sarai. Ba da barazana suke farawa ba, da sayen abinci suke farawa, da ƙwato maka wayar da aka sace, wadda sau da yawa su ne suka aika a sace ta. Ina ganin ya kamata Baba ya sake duba maganar wayoyin nan biyu da wannan idon.

Buƙatar yaron ta gaskiya ce, kuma akwai inda ake biyanta da rana tsaka. Ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSSN, wadda a nan Legas aka kafa ta a 1954, tana da reshe a kusan kowace babbar makaranta, suna yin darasin bita kyauta kafin jarrabawa, kuma a azumi ba a barin ɗalibi ya sha ruwa shi kaɗai. Akwai ƙungiyoyin ɗalibai 'yan jiha ɗaya, akwai ta sashen karatu. Mu bakwai muka riƙa yin adashi na kuɗin haya, kuma ta hanyar wani da ya riga mu gamawa na samu wurin koyon aiki. Ba zan ce waɗannan ba su da gutsiri-tsoma da son shugabanci ba, akwai su da yawa, amma ranar da na ji haushin wani shugabanmu na daina zuwa taro wata uku, kuma iyakar abin da ya same ni shi ne kiran waya ana tambayar lafiyata.

Sai kuma a kula da yadda zai ƙi. Kada ya zage su, kada ya yi musu barazanar kai ƙara a gaban mutane, kada kuma ya ce zai yi tunani, domin a wurinsu wannan rabin amincewa ne. Ya ce iyayensa sun sani kuma sun hana, ya mayar da duk abin da suka taɓa ba shi, ya daina amsa gayyatar liyafa ko rakiyar dare ko da daga wanda ya fi yarda da shi ne, saboda da yawa da sunan bikin zagayowar ranar haihuwa aka kai su daji. Idan matsin ya ci gaba, a je ofishin kula da harkokin ɗalibai tare da babba, ba shi kaɗai ba.

Dillalin Albasa, Mile 12:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Maganar wayoyin nan ta hana ni barci jiya, domin da na sake tambayarsa ya tabbatar mini cewa ta biyun, ɗaya daga cikin abokan nan ne ya dawo masa da ita bayan kwana biyu, bai kuma taɓa faɗa masa inda ya samo ta ba. Ya kuma amsa cewa akwai naira dubu arba'in da suka ranta masa lokacin biyan haya, abin da ban sani ba sai yau, kuma laifina ne da ban riƙa tambayarsa halin aljihunsa ba sai dai sakamakon jarrabawa. Na ba shi kuɗin, na ce ya mayar ta banki domin a samu shaida. Ranar Litinin zan bar wa yarona rumfa in bi shi makarantar, mu ga limamin masallacinsu, mu kuma duba ko zai dawo gida da kwana zuwa ƙarshen wannan zango, ko da kuɗin mota zai ƙaru. Barista, idan suka ƙi karɓar kuɗin suka ce ai ya riga ya zama nasu, wa ya kamata mu fara sanarwa, makaranta ko 'yan sanda?