Koren amai a jariri: wa ya ga tiyatar Ladd?

Sabuwar uwa: Assalamu alaikum. Ɗana yana da kwana 9 ya fara amai, ba tumbuɗin nono ba, kore shar. Na ƙara ba shi nono, ya sake yi. A asibiti aka ɗura masa wani ruwa mai fitowa a hoto, aka ce hanjinsa bai zauna daidai ba tun yana ciki, ga shi ya murɗe. A daren aka shiga da shi tiyata. Yau kwana 4, robar da ke fitar da ruwan cikinsa na hancinsa, ba a bar ni na shayar da shi ba. Wa ya taɓa gani?

Baban yarinya: Sannu 'yar'uwa, Allah Ya ba shi lafiya. Tamu 'yar tana wata biyu aka yi mata irin wannan tiyatar. Likita ya zana mana a takarda: tun ɗan tayi yana wajen mako 10 hanji ke juyawa ya kama mazauninsa. In juyin bai kammala ba, wasu zaruruwan nama su danne farkon ƙaramin hanji, ko hanjin ya nannaɗe jijiyar da ke ba shi jini. Koren ruwan maɗaciya ne da ya rasa hanya. Aikin ya samo suna daga William Ladd, likitan Amurka da ya bayyana shi a 1936. Suna warware murɗin, su yanke zaruruwan, ƙaramin hanji a dama, babba a hagu. Har afendis suka cire mata, na yi ta faɗa kafin a fahimtar da ni cewa tunda ba ya mazauninsa, ciwonsa zai ruɗa likita nan gaba.

Kaka: Mu jinkiri ya cuce mu. Kwana biyu muna cewa zai wuce. Da aka buɗe, wani sashe na hanjin ya yi baƙi, sai da aka yanke shi. Jikana ya rayu, amma ya daɗe a kan ƙarin ruwa. Har yau in na ga kore a zanin goyo gabana faɗuwa yake.

Yayar wani: Ƙanena sai da ya shekara 23 aka gano nasa, bayan shekaru ana ba shi maganin gyambon ciki.

Sabuwar uwa: Na gode. Ɗazu ya yi kashi, ruwan robar ma ya fara washewa. Nas ta ce in tatsa, gobe za a gwada shi da kaɗan.