Dutsen Tubkal a watan Janairu: wa ya taɓa zuwa?

Bashir: Salamu alaikum 'yan uwa. Mu huɗu ne, ɗalibai a Rabat, babban birnin Maroko, muna son zuwa gandun Tubkal a hutun Janairu. Biyu a cikinmu ba su taɓa ganin dusar ƙanƙara ba sai a waya. Ta ina ake farawa?

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Ku hau jirgin ƙasa zuwa Marrakesh, daga nan ku shiga tasi ta Asni zuwa Imlil, ƙauyen da ake fara hawan dutsen daga shi, kamar awa ɗaya da rabi. Amma Bashir, ƙanƙara kuke son gani ko ƙololuwa kuke son hawa?

Bashir: Duka biyu, Malam.

Malam Habu: To, a sassauta. Tsayin Tubkal mita 4,167, babu dutsen da ya kai shi a arewacin Afirka. Rana guda ake yi ana hawa daga Imlil zuwa masaukin da ke wajen mita 3,200, a kwana, a tashi kafin asuba da tocila. A Janairu hanyar daga masauki zuwa sama duk ƙanƙara ce, sai an ɗaura wa takalmi ƙarafa masu haƙora. Iska kuma ta yi ƙaranci, ga ciwon kai ga jiri, kuma ba ruwanta da ƙarfin mutum. Wanda bai saba ba ya bari sai Mayu ko Yuni.

Zainab: Gaskiyar Malam. In wasa da ƙanƙara ne, ku tafi Ukaimeden, can ake zamiya, ana ba da hayar kayan. Sai dai ku tambaya kafin ku kama hanya, wasu shekarun ƙanƙarar ba ta sauka sosai, mutum ya je ya tarar da duwatsu.

Ɗan Damagaram: Ni dai ina ganin kada a kashe musu gwiwa. Su taka daga Imlil su wuce Arumd zuwa Sidi Shamharush, inda farin dutsen nan yake, su sha shayi su juyo. Yini guda ne, kuma za su ga tsaunukan da idonsu.

Zainab: Ko nan ɗin ma a riƙe fasfo. Tun bayan kisan 'yan yawon buɗe ido biyu a Disamban 2018 aka sa shingayen jami'an tsaro, ba a hawa sai da ɗan jagora mai lasisi.

Bashir: Kaya fa, Anti Zainab? Rigar sanyin da nake sawa da hunturu a Kano za ta yi?

Zainab: Haba Bashir! Riguna uku za ka jera, ta sama wadda ruwa ba ya ratsawa. Safar hannu, hula mai rufe kunne, da baƙin tabarau, don hasken ƙanƙara na cin ido. Takalman hawa akwai na haya a Imlil.

Malam Habu: Ku yi alwala tun a masauki, ruwan hanya kamar reza yake. Kuma ku daidaita kuɗin jagora da na alfadari kafin a ɗora kaya.

Bashir: Allah ya saka da alheri. Ukaimeden ranar Asabar ke nan, Imlil Lahadi. Wa ke da lambar jagora ya turo min ta gefe?