Ƙasar da dokarta ba ta san saki ba

Sani Direba, Jidda:
Assalamu alaikum. Akwai wani abokin aikina ɗan Filifin da ya daɗe da rabuwa da matarsa, amma ya ce a takarda har gobe matarsa ce, domin babu saki a dokar ƙasarsu. Shin haka ne, kuma ta yaya koyarwar coci ta zama dokar gwamnati?

Abu Hafsa, Madina:
Wa alaikumus salam, Malam Sani. Gaskiya ya faɗa maka. Cocin Katolika na ɗaukar cikakken aure tsakanin Kiristoci a matsayin alkawari mai tsarki wanda mutuwa kaɗai ke warwarewa, kuma Sifaniyawa, da suka mulki ƙasar sama da shekara 300, sun dasa wannan aƙida sosai. A zamanin mulkin Amurkawa an yi dokar saki a 1917, amma kundin dokokin ƙasar da ya fara aiki a 1950 ya cire ta. Abin da ya rage wa irin abokinka shi ne ya nemi kotu ta yanke cewa auren tun asali bai ɗauru ba, shari'ar da ke cin kuɗi da shekaru, shi ya sa talaka kan haƙura. Musulmin ƙasar kuwa dokar 1977 ta ba su damar saki.

Hajiya Bilkisu, Makka:
Wasu ƙasashen Turai ma ba su daɗe da fita daga wannan ba. Italiya sai a 1970 ta halatta saki, Ailan kuwa a tsarin mulkinta na 1937 ta rubuta haramcin, kuma da ƙyar ƙuri'ar raba gardama ta 1995 ta kawar da shi. Sai dai kada a yi wa Kiristoci kuɗin goro, domin ɗarikun Furotesta da Otodoks sun daɗe da yarda da saki bisa wasu sharuɗɗa.

Malam Usman, Riyad:
Hajiya, tasirin coci kan dokar aure ya iso har gida Najeriya. A 1866 wata kotun Ingila ta bayyana aure, yadda duniyar Kirista ta fahimce shi, da cewa haɗuwar namiji ɗaya ce da mace ɗaya, kuma wannan ma'ana ce ta shiga dokar aure ta Legas ta 1884. Shi ya sa har yau wanda ya yi auren rajista a Najeriya, ko Musulmi ne, doka ba ta ba shi damar ƙara mata ba muddin auren farko na nan, abin da da yawa ba sa sani sai rabon gado ya kai su gaban alƙali.