Rauta ta kafinta da rauta ta intanet: a raba musu suna

Jama'a, ina neman shawararku kan kalmar router. Wani ɗalibi a nan Bauchi ya turo mini darasin kafinta da aka zuba wa manhajar fassara, sai ga shi an rubuta wai a ɗauki "na'ura mai ba da hanya tsakanin hanyoyin sadarwa" a gyara bakin teburi da ita. Yaron da ke koyon sana'a yaya zai yi da wannan?

Tushen matsalar shi ne kalmomi biyu ne daban, rubutu kawai ya haɗa su. Ta kafinta daga rout ta fito, wato rarake abu. Ta intanet kuma daga route, wato hanya. Mutanen Ingila ma sun raba su a baki, ta katako rauta, ta intanet ruta. 'Yan Amurka ne ke kiran duka biyun rauta, mu ma haka muka ɗauka. Ban ga dalilin da zai sa Hausa ta gaji ruɗanin da ba nata ba.

Mu fara da ta katako. Wanda ya taɓa tsayawa wurin kafintocin da ke kusa da 'yan katako na kasuwar Muda Lawal ya san ƙararta tun kafin ya gan ta. Inji ne mai hannu biyu, da ɗan ƙarfe mai kaifi a ƙasa wanda ke juyawa fiye da sau 20,000 a minti ɗaya. Kafinta zai ɗora shi a gefen katako ya ja a hankali, garin katako na tashi, sai ka ga baki mai kaifi ya koma mai lanƙwasa sumul. Da shi ake fitar da adon ƙofa da na fuskar gado, da shi ake haƙa gurbin da hinji zai zauna. Ba yanka yake yi irin na zarto ba, ci yake yi daga ciki, aikin da masassaƙi ke yi wa turmi da gizago.

Don haka na ce a kira shi mararaki. Daga rarake, a kan tsarin da muka saba: buɗe, mabuɗi, goge, magogi, tsefe, matsefi. Jam'insa mararakai. Bahaushe bai buƙatar a yi masa bayani.

Ta intanet ce ta fi wuya. Duk saƙon da ka tura, hoto ne ko murya, ana gutsuttsura shi ƙunshi-ƙunshi, kowane ƙunshi ɗauke da adireshin inda za shi. Ita rauta ta duba adireshin, ta duba jerin hanyoyin da ta sani, ta miƙa wa ta gaba. Haka ake ta miƙawa har ya isa. Tun 1969 da aka fara haɗa kwamfutocin ARPANET, mafarin intanet, a Amurka akwai injinan da ke irin wannan aiki. Akwatin da ake saya a kasuwar Wunti a sa masa layin waya kuwa ya haɗa abubuwa da yawa: ga mai kama sabis, ga mai watsa wayfai, ga rautar kanta a ciki.

Wani malaminmu ya ce a sa mata madugu, tunda shi ne masanin hanya da zango. Allah ya ƙara wa Malam lafiya, sunan ya yi daɗi, amma madugu tare yake tafiya da ayari. Ita kuwa ba ta motsawa daga inda take, zango ɗaya kawai take tura kaya ta saki. Wani ya kawo marabi, sai dai duk wanda ya ji zai ɗauka raba data ake nufi.

Ra'ayina a bar mata rauta. Ta riga ta zauna a bakin mai shago da ɗalibin Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa (ATBU), kamar yadda kwamfuta ta zauna, kuma ba wanda zai je Wunti ya nemi wani suna a fahimce shi. In rubutu ya buƙaci bayani, a ce rauta, mai miƙa saƙo hanyarsa, sau ɗaya ya wadatar.

Saura ku, iyayenmu kafintoci na Bauchi da Gombe. Ku ne masu riƙe injin nan kullum. In akwai sunan da kuke kiransa a shago, ku faɗa mana, naku ya fi mararaki cancanta. Ku haɗa har da sunayen ƙarafan bakinsa, na lanƙwasa da na haƙa gurbi, don darasin yaron nan ya ambace su duka.