Fassarar fim ɗin Shaolin Girl tana riga magana fitowa

Assalamu alaikum, jama'a a taimaka min. Ina da Shaolin Girl, fim ɗin Japan na 2008 wanda Ko Shibasaki ta koyo kungfu a China, ta dawo ta shiga ƙungiyar lakros ta 'yan matan jami'a, wasan da ake cafke ƙwallo da sanda mai raga a baki. Da Japananci suke magana, don haka na nemo fayil ɗin fassarar Turanci daban.

Da farko rubutun yana bin bakinsu daidai. Zuwa minti na 10 ya riga su da kusan daƙiƙa 25, a tsakiyar fim kuwa tazarar ta haura minti 2. Fim ɗin barkwanci ne, idan ka riga ka karanta abin dariyar to armashi ya tafi.

Na jinkirta rubutun a manhajar kallo, ya zauna na ɗan lokaci, ya sake zamewa. Na canza fayil, duk ɗaya. Bidiyon hoto 23.976 yake yi a daƙiƙa, ina zargin a kan mai 25 aka tsara fassarar.

Da wace manhajar waya zan mayar da lokutan fayil ɗin gaba ɗaya daga 25 zuwa 23.976?